Ai Ya Shiga! Maganar Wilin Aro A Ƙafar Tsohuwar Motar Tsere

 Yau maganar ƙarfe da roba na kawo mana, kuma ina roƙon wanda bai taɓa riƙe sifana ba kada ya tsallake, domin ko ba ka da mota kana shiga ta wani, kuma ranka a kan ƙafafunta huɗu yake tafiya. Akwai wata kalma da ta zama ruwan dare a bakin masu faci da makanikai da 'yan kasuwar kayan mota, wadda duk lokacin da na ji ta sai gabana ya faɗi, wato "ai ya shiga". Mutum ya ɗauko wilin wata mota ya kara a ƙafar tasa, ramuka suka haɗu da ƙusoshi, aka murza noti, yaron shago ya hau kan sifana ya yi tsalle biyu, shi ke nan an gama bincike sai biyan kuɗi. To ni a nawa ra'ayin shiga daban, zama daban, kuma tsakanin biyun akwai 'yan milimitoci da kan iya raba mutum da iyalinsa.

Inda wannan magana ta fi zafi shi ne wajen masu tsofaffin motocin tsere, wato ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da aka ƙera don gudu da shan kwana, irin waɗanda Turawa ke ajiyewa shekaru talatin ko arba'in suna goge su kamar kayan ɗakin amarya. Dalili kuwa shi ne irin wannan mota ana kora ta da ƙarfi, kuma mai ita ya damu ƙwarai da kamanninta, don haka a wajensa kwaɗayin ado da haɗarin kuskure suka fi cin karo. Masu irin waɗannan motoci sun kasu gida biyu. Akwai 'yan asali, waɗanda suke ganin canja ko da noti ɗaya ne a jikin motar tamkar yi wa tsohon littafi gyaran hannu ne. Akwai kuma 'yan kwalliya, waɗanda da zarar sun ga sabon wili mai faɗi yana ƙyalli a ƙafar wata mota sai su ji ba su da sukuni sai sun gan shi a ƙafar tasu. Ni ba na cikin ko wane ɓangare gaba ɗaya. Abin da nake cewa shi ne a ara, amma a ara da awo, kuma a adana na asalin. Don mai karatu ya ga dalilina bari in ɗauki mota guda ɗaya mu bi ta daki-daki.

Motar ita ce Porsche 944, 'yar ƙasar Jamus, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1991, aka kuma fitar da sama da guda 160,000. Injinta na gaba, giyarta na baya, abin da ya sa nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin ƙafafun gaba da na baya, kuma wannan ne sirrin daɗin tuƙinta a kwana. Nauyinta a farkon fitowarta wajen kilo 1,200 ne. Ƙafarta tana da ƙusoshi biyar, waɗanda ke jere a kan da'ira mai faɗin milimita 130, ramin tsakiyar wilinta kuma milimita 71.6 ne. Wannan awo shi ne na motocin Porsche da yawa, tun daga tsohuwar 911 da 928 har zuwa Boxster da ta fito a 1996 da Cayenne da ta fito a 2002. Ke nan mai 944 yana da babbar kasuwar da zai zaɓa, wilin shekaru hamsin duk suna iya shiga ƙusoshinsa. A nan ne tarkon yake.

A samfurin 1987 kamfanin ya shigo da birkin ABS, wato birkin da ke hana taya daskarewa idan an taka da ƙarfi, kuma saboda haka ya sake tsarin ƙafar motar. Akwai wani awo da ake bugawa a bayan kowane wili da haruffa biyu, ET, daga wata kalmar Jamusanci mai nufin zurfin zama. Abin da yake nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke mannewa da hob, wato cibiyar da wilin ke zama a kanta. Idan lambar ta yi yawa wilin yakan nutse cikin mota, idan ta yi kaɗan yakan leƙo waje. Motocin 944 na 1982 zuwa 1986 zurfinsu wajen 23 ne, na 1987 zuwa sama kuwa wajen 52. Bambancin milimita 29 ke nan, bai kai faɗin yatsu biyu ba. Sunan mota ɗaya, kamfani ɗaya, ƙusoshi iri ɗaya, in ka tsaya daga nesa da wuya ka bambance su, amma wilin yaya ba ya zama a ƙafar ƙanwa. In ka ɗaura na tsohuwar a kan sabuwar zai fito waje ya riƙa gugar bakin bodi duk sanda mota ta faɗa rami. In ka ɗaura na sabuwar a kan tsohuwar zai shige ciki ya kusanci shokazoba, motar kuma ta zama kamar mai ƙafar kaza. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane, to ga shi nan a cikin gida ɗaya ma.

Wani zai ce to in gugar bodi ce kawai ai sai a buga bakin bodin da guduma ya buɗe. Gugar ita ce ƙaramar matsala, domin ita ana jin ta ana ganin ta. Babbar ita ce wadda ba ta da ƙara. Mai karatu ya ɗauki jarkar ruwa ya riƙe ta a jikin cinyarsa, sannan ya miƙa hannu ya riƙe ta nesa da jikinsa. Nauyin ruwan bai canja ba, amma kafaɗa ta san an yi canji. Haka boris ɗin ƙafar mota yake. An tsara shi ne nauyi ya sauka a kansa a wani gurbi, da zarar ka tura wili waje sai ya koma ɗaukar kaya da miƙaƙƙen hannu, ya riƙa cinyewa kafin lokacinsa. Bugu da ƙari, ƙafar gaba tana juyawa ne a kan wani layi da injiniyoyi suka zana, kuma tazarar da ke tsakanin inda layin ya sauka a ƙasa da tsakiyar taya ita ke hukunta yadda sitiyari zai yi idan ƙafa ɗaya ta taka yashi ɗaya na kan kwalta aka taka birki, ko idan taya ta fashe ana cikin gudu. In tazarar ta ƙaru sai sitiyari ya riƙa fizgar hannun direba. A cikin gari da gudun kilomita 40 ba za ka taɓa sani ba. Ranar da za ka sani ita ce ranar da ba ka da lokacin koyo.

Zurfin zama awo ɗaya ne cikin huɗu. Na biyu shi ne da'irar ƙusoshi, kuma a nan ne kusan-daidai ya fi rashin-daidai haɗari. Wili mai rami huɗu ba zai yaudari mai ƙusa biyar ba, kowa ya gani ya san ba zai yi ba. Amma Mercedes da'irarta 112 ce, motocin Japan da yawa tasu 114.3, bambancin milimita 2.3. Tsofaffin Fiat da Alfa Romeo masu ƙusa huɗu tasu 98 ce, tsohuwar BMW E30 da Mazda MX-5 ta farko tasu 100. Tsohuwar Corvette ta Amurka tata 120.65 ce, BMW masu ƙusa biyar na da kuma 120. Irin wannan in aka matsa yakan shiga, sai dai noti na farko zai zauna a tsakiyar raminsa, sauran kuma su zauna a karkace, kowanne yana lanƙwasa ƙusarsa kaɗan. Duk juyin da taya ta yi ƙusar tana lanƙwasuwa tana miƙewa, kuma duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san ƙarshen wannan wasa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na uku shi ne ramin tsakiya. Matsin noti ne ke riƙe wili a jikin mota, amma leɓen hob ne ke tsayar da shi a tsakiya cif kafin a matse. Tsohuwar Audi da Mercedes da'irarsu ɗaya ce, 112, amma ramin tsakiyar Mercedes 66.6 ne, na tsohuwar Audi 57.1. Wilin Audin ba zai hau hob ɗin Mercedes ba sam, wannan ya huta ya hutar. Na Mercedes kuwa zai hau Audi ya bar rata, kuma in bai zauna a tsakiya ba sai sitiyari ya kama rawa da zarar an hau babban titi, a yi ta kai mota wajen balansin ana biyan kuɗi rawar ba ta daina ba. Maganin wannan ɗan zobe ne da ake sawa ya cike ratar, abin da bai kai kuɗin man kwana ɗaya ba.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne mazaunin noti. Bakin ramin da noti ke zama iri uku ne. Akwai mai siffar mazurari, akwai mai siffar ƙoƙo, akwai kuma shimfiɗaɗɗe mai wasa. Wilin asali na Porsche da Mercedes da Honda mai ƙoƙo ne, na BMW mai mazurari ne, wilin alminiyam na Toyota kuma shimfiɗaɗɗe ne. Noti na bin wili ne, ba ya bin mota. Idan ka sa noti mai ƙoƙo a ramin mazurari, maimakon su rungumi juna gaba ɗaya sai su taɓa juna a kan siririn layi kamar zare. Za ka ji ya matsu a hannu, amma da zafi da girgiza sai layin ya cinye, noti ya saki. Haka kuma in wilin aron ya fi na asali kauri a tsakiya, ƙusar da ta rage a waje takan gajarce. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce noti ya ci ƙusa aƙalla gwargwadon kaurinta. Ƙusar 944 kaurinta milimita 14 ne, kowane juyi kuma yana cin milimita ɗaya da rabi, ke nan juyi tara ake nema. Wanda ya ƙirga juyi huɗu ya ji ya tsaya, to ya sani rabin amana aka ba shi.

Bayan waɗannan huɗun sai maganar girma, wadda ita ce ainihin abin da ke jan 'yan kwalliya. Ita 944 da wili mai inci 15 ta fito, da taya mai lamba 215/60, tsayin ƙafar gaba ɗaya wajen milimita 639. In mutum ya koma inci 17 ya sa taya 225/45 tsayin zai zama wajen 634, kusan babu bambanci, maleji zai ci gaba da faɗin gaskiya. In kuwa ya sa 225/55 don ita ya samu a kasuwa, tsayin zai kai wajen 679, ƙarin kashi shida cikin ɗari, maleji na nuna masa 100 alhali yana kan 106, motar kuma ta yi nauyin tashi. Ko da an daidaita tsayin akwai abin da aka sayar. Gefen taya, wato robar da ke tsakanin wili da ƙasa, ya sauko daga milimita 129 zuwa 101, in aka je inci 18 ya koma 90. Wannan roba ita ce matashin farko da ke shanye duka kafin ya kai ga shokazoba da gaɓoɓin ƙafa. A lafiyayyen titi raguwarta takan sa mota ta fi jin sitiyari. A titi mai ramuka kuwa dukan kai tsaye yake zuwa ga ƙarfen da ya shekara arba'in yana aiki. Sannan babban wili galibi ya fi nauyi. Wilin Cayenne zai shiga ƙusoshin 944, amma an yi shi ne don motar da ta haura tan biyu. Ɗaura shi a ƙafar 944 tamkar a sa wa ɗan tseren gudu takalmin soja ne.

To tunda haɗarin ya kai haka, me ya hana in bi 'yan asali in ce kowa ya bar motarsa yadda ta zo? Ina girmama hujjarsu. Wilin Fuchs, alal misali, wanda kamfanin Otto Fuchs ya fara yi wa Porsche 911S a 1966, mai ganye biyar kamar fure, ba a narka shi aka zuba a kasko ba, matse alminiyam aka yi da ƙarfi har ya ɗauki siffa, don haka ga shi da sauƙin nauyi ga ƙwari. Wanda ya cire irin wannan ya sa wani mai ƙyalli da ba a san asalinsa ba, ya sayar da zinariya ne ya sayo tagulla. Kuma fuskar tsohuwar mota tarihi ce, wilinta na cikin abin da ke gaya maka zamanin da aka haife ta.

Amma akwai inda tsananin riƙo da asali ke zama kashe mota a tsaye. A 1975 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da wani tsari mai suna TRX, wanda wilinsa da milimita ake auna shi maimakon inci, kuma siffar bakinsa daban ce. Motoci masu daraja sun fito da shi, irin su BMW 635CSi da Ferrari Mondial da Ford Mustang ta 1979. Wanda ya fi yaɗuwa faɗinsa milimita 390 ne, alhali inci 15 milimita 381 ne, inci 16 kuma 406. Babu tayar inci da za ta zauna a kansa lafiya. Tsarin bai karɓu ba, tayarsa ta zama sai an yi oda ta musamman da tsada. Mai irin wannan mota in ya nace wa asali kuma aljihunsa bai kai ba, abu biyu ne zai faru, ko ya kafe motar a gareji, ko ya ci gaba da hawa tayar da ta shekara goma sha biyar ta bushe ta tsattsage. Ni a ganina wanda ya ari wilin wata BMW mai awo daidai ya sa sabuwar taya ya fi shi kishin motar. Haka nan wanda ya ƙara girman birki don motarsa ta riƙa tsayawa da wuri dole ya nemi wilin da birkin zai samu wurin zama a cikinsa. Shi kansa kamfanin Porsche da ya fito da 944 Turbo mai manyan birki, inci 16 ya sa mata, kuma magajiyarta 968 da ta zo a 1992 an ba masu saye zaɓin inci 17. Ashe ke nan canji ba haramun ba ne a wajen masu ƙirar, abin da ba su yarda da shi ba shi ne canji da ka.

Yadda Jamusawa suka warware wannan gardama ya burge ni. A can in ka canja wili dole ya zo da takardar da ke nuna an gwada shi a kan irin motarka, in babu sai ka kai motar wajen masu binciken lafiyar motoci irin su TÜV su duba su shigar da canjin a takardunka, in ba haka ba izinin motar na hawa titi na iya faɗuwa. Sannan tun 1997 suna da lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, wadda ake ba motar da ta shekara 30 kuma tana nan a kamanninta na tarihi. Ba su ce kada a taɓa komai ba, sun yarda da gyaran da ya dace da zamanin motar, wato irin wanda ake iya yi a shekaru goman farko na rayuwarta. Da dokar farko sun tsare rai, da ta biyu sun tsare tarihi, kuma sun bar wa mai mota filin motsi a tsakani.

Kada mai karatu ya ce wannan duk zancen Turawa ne da kayan wasansu. Mu ma muna da rabo a ciki. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda ta yi mana tasi ta yi mana motar gwamnati ta kai mu gari-gari, tana da 'yar'uwa ta tsere mai ƙofa biyu, wadda gidan zane na Pininfarina na Italiya ya tsara, ta fito a 1969, kuma ita ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Ƙafar 504 da 505 ƙusa huɗu ce a kan da'irar 140, awon da ba kasafai ake samunsa a wata mota ba. Cikin 'yan kaɗan da suka yi tarayya da ita akwai tsofaffin Subaru na Japan, shi ya sa masu tsofaffin Subaru a Amurka, waɗanda motocinsu da inci 13 suka zo, suke farautar wilin Fijo mai inci 14 da 15. Wato abin da ke jibge yana tsatsa a bayan garejinmu wani na can yana nemansa ido rufe. Wannan aro ne da ya yi kyau, domin awo ne ya haɗa su.

Sai kuma abin da muke gani kullum a titunanmu. Honda Accord daga 2003 da Toyota Camry duk ƙusa biyar ne a kan 114.3, har zaren ƙusarsu iri ɗaya ne, don haka musayar wili tsakaninsu ta zama ruwan dare. Amma ramin tsakiyar Honda 64.1 ne, na Toyota 60.1, mazaunin notinsu kuma kamar yadda na faɗa a baya ba ɗaya ba ne. Wilin Honda a ƙafar Camry da notin Toyota kuskure biyu ne a ƙafa ɗaya, kuma motar iyali ce, da yara a kujerar baya. Duk abin da na faɗa game da 944 ya hau kan wannan, bambancin kawai shi ne mai 944 galibi shi kaɗai yake cikin motarsa.

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ake bayarwa kullum: mun daɗe muna yi ba abin da ya faru. Gaskiya ne sau da yawa ba abin da ke faruwa, saboda injiniyoyi sukan bar rarar ƙarfi a jikin ƙarfe, kuma wannan rarar ce muke ci muna zaton gwanintarmu ce. Amma shaidar waɗanda suka tsira kaɗai muke ji. Idan ƙafa ta fita a babban titi mota ta wuntsila, ba wanda ke tsayawa ya tsinci noti ya duba mazauninsa, sai a ce taya ce ta cire, a yi jaje a watse. Wani kuma zai ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wajen hatsi haka ne. Amma idon da zai bambance 112 da 114.3 daga tsaye ba a haife shi ba tukuna.

Abin da nake ba da shawara ba shi da wuya kuma ba shi da tsada. Kafin ka biya kuɗin wili, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko a Panteka a Kaduna ko a ina ne, juya bayansa ka karanta abin da aka buga, faɗinsa da girmansa da lambar ET, ka kwatanta da wanda ka cire. In ramin tsakiya ya yi faɗi, masu injin gurzar ƙarfe za su yanka maka zobe daidai awo, mutanenmu ba su gaza wannan ba. Sayi notin da ya dace da wilin, ka ƙirga juyinsa da hannunka. In za ka sa farantin da ke tura wili waje, ka tambayi kanka me yake yi: wanda ke mayar da taya gurbinta na asali, kamar na milimita 29 ga mai tsohuwar 944 da ya ari wilin sabuwa, gyara ne, muddin yana da leɓen tsakiya kuma ƙusoshi sun isa. Wanda ke tura ta waje don a gani a yaba kuwa boris ne zai biya bashin. Ɗaga motar ka juya ƙafar da hannu, ka karya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, ka leƙa ka ga ko akwai inda ke taɓa birki ko shokazoba ko bodi. A matse noti da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya ce, na 944 awo 130 ne a ma'aunin Nm, a daina hawa kan sifana ana tsalle, domin yawan matsi ma yana miƙar da ƙusa ya raunana ta. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake duba matsin. Daga ƙarshe, wilin asalin nan da ka cire kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Wanke shi ka ajiye a inda ruwa ba ya taɓawa, domin ranar da motar za ta koma hannun wani, ko ranar da kai kanka idonka ya gaji da ƙyalli, shi ne zai mayar mata da fuskarta.

An ce kayan aro ba ya rufe katara. Ni dai na ga inda ya rufe, amma sai da aka auna mai sawa aka auna rigar tukuna. Saboda haka duk ranar da mai faci ya ɗago kai ya ce maka "ai ya shiga, Alhaji", ka yi masa godiya, sannan ka ce ya kwance ku karanta bayan wilin tare. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.